Harafi a Gaban Alƙali: Tarihin Gane Asalin Takarda Daga Zubin Baƙaƙenta



Duk wanda ya taɓa zama a gaban malaman zaure ya san cewa in an miƙa wa gwanin alaramma warƙar Alƙur'ani rubutun hannu, ba ya bukatar a gaya masa inda ta fito. Da ya ɗaga ta ya duba kaurin alƙalamin, da yadda aka ja wutsiyar baƙaƙen, sai ya ce wannan hannun Barno ne, wancan kuwa na Kano. Haka kuma ko ƙolo ya san cewa warƙar da ya ga fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma da ɗigo ɗaya a bisa, bin tafarkin Magariba aka yi wajen rubuta ta, ba na Gabas ba. Galibin mutane sun ɗauka wannan irin sani ya tsaya ne ga rubutun hannu, watau da zarar inji ya shiga tsakani to hannu ya ɓace, baƙi ya zama baƙi kawai. Abin da na ke so in nuna a wannan lacca shi ne ba haka al'amarin ya ke ba. Harafin ɗab'i ma yana da hannu, yana da garinsu, yana da shekarar haihuwa, kuma an sha kiransa ya ba da shaida a kan manyan mutane.

Da farko ya kamata mu daidaita a kan suna. Siffar da aka tsara wa haruffa tun daga A har zuwa Z, tare da lambobi da alamomin rubutu, duka bisa kama ɗaya, ita zan riƙa kira zubin haruffa. Na zaɓi kalmar zubi ne domin asalin abin zuba shi a ke yi. Bayan da Johannes Gutenberg ya buga Baibul ɗinsa a birnin Mainz na ƙasar Jamus wajen shekarar 1455, hanyar da ta zauna a tsakanin maɗaba'a ita ce: maƙeri ya sassaƙa harafi a kan bakin sandar baƙin ƙarfe, ya buga shi a jikin ɗan guntun tagulla ya bar rami mai siffar harafin, sa'an nan a narka dalma da kuza da wani ƙarfe dangin kwalli, a riƙa zubawa a ramin ana fitar da harafin ɗaruruwa. Kowane harafi yana zaune a kan gangar jikinsa mai kusurwa huɗu, kamar ɗan ƙaramin tubali, a jera su ɗaya bayan ɗaya su zama layi.

Daga wannan hanya abu biyu suka fito, kuma a kansu dukan ilmin da za mu yi magana ya ginu. Na farko, tun da mutum ne ya sassaƙa, babu maƙera biyu da harafinsu zai zo daidai. Na biyu, dalma tana da taushi. Harafin da aka yi shekara goma ana matsa shi a inji ya kan lanƙwashe, ko ya tsage, ko kunnensa ya gutsure, kuma wannan tabo zai bayyana a duk shafin da aka sa shi. Na farkon yana nuna dangi, na biyun yana nuna mutum guda a cikin dangin.

Waɗanda suka fara mai da wannan lura ta zama ilmi ma'aikatan laburare ne, kuma larura ce ta sa su. Littattafan da aka buga a Turai kafin shekarar 1501, waɗanda aka san bugu kusan 30,000 daga cikinsu, da yawansu ba su ɗauke da sunan maɗaba'a, ko gari, ko shekara. Henry Bradshaw, shugaban laburaren Jami'ar Cambridge wanda ya rasu a 1886, shi ya ba da shawarar a riƙa kasa su kamar yadda masana tsirrai ke kasa ganyaye, watau ta kamanninsu. Robert Proctor na Gidan Tarihin Birtaniya ya ɗauki wannan shawara ya yi aiki da ita, ya fitar da jerinsa a 1898, inda ya tsara littattafan ƙasa ƙasa, gari gari, maɗaba'a maɗaba'a. Dabararsa mai sauƙi ce: ya ɗora ma'auni a kan shafi ya auna tsawon layi 20 da milimita. Dalilin da ya sa ba a auna layi ɗaya shi ne a wancan zamani jiƙa takarda a ke yi kafin a buga, in ta bushe sai ta ɗan tsuke, saboda haka ƙaramin awo ba shi da tabbas. Proctor bai daɗe ba, ya ɓace a duwatsun Alps a 1903, ba a kuma sake ganinsa ba. Bajamushe Konrad Haebler ya ɗora daga 1905, ya ƙara wata dabara: ya lura cewa a tsohon zubin Jamusawa babban harafin M ya fi kowane harafi bambanta daga maɗaba'a zuwa maɗaba'a, sai ya tara siffofinsa kimanin 100 ya ba kowace lamba. Daga nan mai bincike zai auna layi 20, ya dubi M, ya buɗe kundin Haebler, sau da yawa sai ya tarar da sunan mai ɗab'in da ya mutu shekara ɗari huɗu da suka wuce.

Tabon harafi kuwa ya tona asirin da masu shi suka ɓoye don tsoron hukuma. A watan Nuwamba na 1644 mawaƙin Ingila John Milton ya fitar da ƙasidarsa mai suna Areopagitica, yana sukar dokar da majalisa ta kafa a 1643 cewa ba a buga littafi sai da izni. Milton ya sa sunansa, amma masu ɗab'in ba su sa nasu ba, gama su ne za a fara kamawa. Haka aka zauna shekara 375 ba a san su ba, sai a 2019 wasu masana na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka suka kwatanta gurɓatattun haruffan ƙasidar da na wasu littattafan zamanin waɗanda aka san maɗaba'arsu, suka nuna cewa daga akwatunan Matthew Simmons da Thomas Paine suka fito. 'Yan sandan majalisa ba su gano su ba, amma dalmar da suka yi aiki da ita ba ta manta ba.

Yanzu na zo ga labarin da na fi so in tsaya a kansa, domin a ganina shi ne ya fitar da wannan ilmi daga laburare ya kai shi fagen bincike irin na 'yan sandan ciki.

Thomas James Wise, wanda aka haifa a 1859, a zamaninsa babu wanda ya kai shi daraja a Ingila wajen sanin tsofaffin littattafai. Ɗan kasuwa ne a Landan, ya tara laburare na kansa wanda masana ke rububin shiga, ya rubuta kundayen da ke bayyana bugun farko na manyan mawaƙan Ingila, har ya shugabanci ƙungiyar masana littattafai ta ƙasar. In Wise ya ce littafi sahihi ne, magana ta ƙare. To, tun daga wajen ƙarshen ƙarni na 19 sai wasu 'yan ƙananan littattafai suka fara ɓullowa a kasuwa, na mawaƙa irin su Tennyson da Swinburne da Ruskin, kowanne da labarin cewa marubucin ne ya buga kwafi kaɗan don abokansa kafin bugun da duniya ta sani. Mafi shahara a cikinsu shi ne waƙoƙin soyayya da Elizabeth Barrett Browning ta yi wa mijinta. Kowa ya san an fara buga su a 1850, amma ga wani ɗan littafi da ya ce an buga shi a garin Reading a 1847. Attajiran Ingila da na Amurka suka yi ta saye da tsada, kundayen Wise kuwa suna tabbatar musu cewa abin na gaske ne.

Wasu samari biyu masu sayar da littattafai, John Carter da Graham Pollard, su ne hankalinsu bai kwanta ba. Abin da ya fara damunsu shi ne babu ko kwafi ɗaya da ke ɗauke da rubutun hannun marubuciyar, ko sa hannun wanda ta ba kyauta, alhali kuwa an ce don abokai aka buga. Sai suka fara da takarda. Kafin 1861 da tsumma a ke yin takardar littafi a Ingila, daga baya aka shigo da wata ciyawa mai suna esparto, sa'an nan daga wajen 1874 aka fara yin ta da ɓargon itace da aka dafa da magani. Da aka sa takardar littafin Reading a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ga itace. Wannan kaɗai ya isa ya rushe shekarar 1847. Amma takarda ta ce ƙarya ne kawai, ba ta ce wa ya yi ba. Harafi ne ya faɗi wannan.

Ku tuna na ce kowane harafi yana zaune a kan tubalinsa. To, akwai haruffa biyu masu rigima, ƙaramin f da ƙaramin j. Kan f yana lanƙwasowa ya zarce tubalinsa ya leƙa kan maƙwabcinsa, wutsiyar j ma haka ta ke yi ta ƙasa. A zamanin injin hannu wannan bai dami kowa ba, amma da injuna masu sauri suka zo sai wannan ɗan zarcen ya riƙa karyewa. Saboda haka wajen 1880 aka fara zuba wani sabon f wanda aka karya bayansa aka mai da kansa ciki, don kada ya wuce tubalinsa, haka kuma j. Carter da Pollard suka bi littattafan samfur na maƙeran haruffa shekara shekara, ba su sami irin wannan f a zamanin da a ke da'awa ba. Ga shi kuwa ya cika littafin da aka ce na 1847 ne.

Sa'an nan suka lura da wani abu ƙarami ƙwarai, alamar tambaya. Ta fi sauran haruffan tsukewa, ta ɗan karkace, a fili ta ke ba 'yar gidan ba ce, daga wani zubi dabam ta faɗo cikin akwatin. Wannan ya ba su abin da su ke nema, domin zubin da aka saya daga maƙera maɗaba'a da yawa na iya mallakarsa, amma gaurayen wannan f da wannan baƙuwar alamar tambaya sai gida ɗaya. Suka shiga neman gidan. Daga bisani suka ci karo da shi a wani sabon bugu na wata waƙar Matthew Arnold da aka yi a 1893, wanda bai ɓoye maɗaba'arsa ba: Richard Clay da 'Ya'yansa, a Landan. Wanda ya sa aka yi wannan bugu kuwa, sunansa na nan a jiki, Thomas J. Wise.

A 1934 suka fitar da littafin bincikensu. Saboda tsananin dokar ɓata suna a Ingila ba su ce Wise ne ya yi jabun ba. Sun dai jera hujjoji, suka nuna cewa kusan duk kwafin da aka bi sawunsa daga hannunsa ya fito, suka kuma yi mamakin yadda masani kamarsa ya ruɗu haka. Mai karatu ya gane. Wise ya yi ƙoƙarin ɗora laifin a kan abokinsa Harry Buxton Forman wanda ya riga ya mutu tun 1917, daga baya ya yi shiru har ya rasu a 1937. Bayan mutuwarsa aka bayyana wata takarda da su biyun suka yi musayar rubutu a kanta, wadda ta nuna tare suka yi aikin. Ba a nan abin ya tsaya ba, domin a shekarun 1950 aka gano ya yage warƙoƙi sama da 200 daga tsofaffin littattafan Gidan Tarihin Birtaniya don ya cike giɓin nasa. Abin ban dariya, ko ban takaici, shi ne wannan gidan tarihi ne ya sayi laburarensa bayan ya rasu, watau ya sayi wani sashe na kayansa da aka sace masa.

Keken rubutu, wanda mu ka fi sani da tafireta, shi ma yana da hannu, kuma hukumomi sun gane haka da wuri. Tun a 1891 marubucin labaran Sherlock Holmes ya gina wani labari a kan gane mutum ta lalatattun haruffan kekensa. A ƙasar Romaniya kuwa, a 1983, gwamnatin Ceaușescu ta kafa doka cewa duk mai tafireta sai ya yi rajistarta wurin 'yan sanda, ya kuma ba da samfurin haruffanta, don in an tsinci takardar sukar gwamnati a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ya kamata mu riƙe wannan, cewa ilmin da ya kama Wise shi ne kuma a ke farautar masu faɗin gaskiya da shi.

A wannan shekara ta 1983 ce mujallar Stern ta Jamus ta biya mak miliyan 9.3 ta sayi kundaye wajen 60 da aka ce littafin sirrin Hitla ne. A bangon wasunsu an manna manyan haruffa biyu na tsohon zubi mai ƙayoyi, waɗanda ya kamata su zama A da H, farkon sunansa. Mai jabun, Konrad Kujau, bai iya karanta zubin sosai ba, sai ya manna F a maimakon A. Binciken takarda da tawada da zare ne ya kashe maganar cikin 'yan makonni, amma F ɗin yana nan a bango tun ranar farko, manyan masana sun dube shi ba su gan shi ba, domin zuciyarsu ta riga ta so abin ya zama gaskiya.

Zuwan kwamfuta ya kawar da tabon dalma, gama harafin kwamfuta ba ya tsufa. Amma ya ƙarfafa ɗaya hujjar, domin yanzu kowane zubi an san shekarar da ya fito. A ranar 8 ga Satumba 2004, wata biyu kafin zaɓen Amurka, gidan talabijin na CBS ya nuna wasu takardu masu kwanan watan 1972 da 1973, waɗanda aka ce wani hafsan soja ne ya rubuta yana kukan cewa George W. Bush bai cika aikinsa na soja ba. Cikin kwana ɗaya mutane suka sake buga kalmomin a Microsoft Word da zubin Times New Roman, suka ɗora a kan hoton takardun, layi ya hau layi. A nan akwai wurin da ya kamata ɗalibi ya yi hattara. Times New Roman ba sabon zubi ba ne, tun 1932 aka yi shi don jaridar The Times ta Landan. Kuma a 1972 akwai wasu kekunan IBM masu ba kowane harafi fili gwargwadon faɗinsa. Saboda haka hujjar ba sunan zubin ba ce, ita ce daidaituwar tazarar haruffa da inda kowane layi ya karye. CBS ta ba da haƙuri, ta ce ba za ta iya tabbatar da takardun ba, wasu manyan ma'aikatanta suka rasa aikinsu a farkon 2005.

Na Pakistan ya fi wannan nauyi. A 2017, cikin binciken da ya biyo bayan takardun Panama, Maryam Nawaz, 'yar Firayim Minista Nawaz Sharif, ta gabatar da wata takarda mai kwanan watan Fabrairu 2006 game da wasu gidaje a Landan. An buga ta da zubin Calibri, wanda Lucas de Groot ɗan ƙasar Holan ya tsara, wanda kuma bai shiga kasuwa ga kowa da kowa ba sai a Janairu 2007. Lauyoyinta suka ce akwai kwafin gwaji da ya riga ya fita kafin nan, kuma wannan gaskiya ne, ko da ya ke shi mai zubin da kansa ya ce da wuya a ce an rubuta takardar shari'a da kayan gwaji. Kotun Ƙoli ta sauke Nawaz Sharif ranar 28 ga Yuli 2017, amma bisa wani dalili dabam, na rashin bayyana wani albashi daga wani kamfani a Dubai. An yanke wa Maryam hukunci a 2018, babbar kotun Islamabad ta soke shi a 2022, a 2024 kuma ta zama babbar ministar lardin Punjab. Na kawo ƙarshen labarin ne don kada wani ya fita daga wannan zaure yana cewa harafi ya tuɓe Firayim Minista. Harafi ya jefa shakka mai ƙarfi, hukunci kuwa ya bi hanyarsa.

Ga mai son koyon wannan sana'a, ba a duban kowane harafi. Akwai masu tona asiri, su ne a, g, t, R, G, Q da lambar 1. Ɗauki Helvetica, wanda aka yi a Suwizalan a 1957, wanda ya cika allunan kamfanoni da tashoshin jirage a duniya, da kuma Arial na 1982, wanda faɗin haruffansa ya yi daidai da na Helvetica har mutane ke ɗaukar su abu guda. Dubi kan ƙaramin t: a Helvetica an yanke shi a miƙe, a Arial an yanke shi a karkace. Ƙafar R ta Helvetica tana saukowa kusan a tsaye, ta Arial tana miƙewa gefe. Tambarin kamfani ya fi wuya, domin galibi mai zane ya kan ɗauki zubi sananne ya yi masa gyare-gyare, ya rage nan ya ƙara can, har ya zama babu shi a kowane kundi. Akwai manhajoji a yau da za ka nuna wa hoton allo su ba ka suna, suna da amfani, amma dangi su ke nunawa, kuma su kan yi kuskure in hoton ya dushe.

Mu Hausawa muna da namu f da alamar tambaya, su ne ɓ da ɗ da ƙ. Littattafan boko na farko ba su san su ba: wasu sun sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu sun sa waƙafi a gefensa, wasu sun bar shi haka nan mai karatu ya yi ta kansa. Haruffa masu lanƙwasa sun zauna ne a shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East ke jagorancin aikin talifi a Zariya, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairu 1939. Saboda haka bugaggiyar takardar Hausa da ta ce ta 1915 ce, amma ga ƙ mai lanƙwasa a cikinta, tana da tambayar da za ta amsa. Sai dai hujjar ba ta juyawa. Rashin lanƙwasa ba ya nuna tsufa, tun da yawancin tafiretocin ofisoshinmu ba su taɓa samun waɗannan haruffa ba, har gobe kuma ana buga Hausa babu su. Zubi yana iya cewa ba a yi takarda kafin shekara kaza ba, amma da wuya ya ce ba a yi ta bayan shekara kaza ba, gama tsohon keke yana iya kwana a ɗaki shekara hamsin a fito da shi. Haka kuma in ka ga ƴ mai lanƙwasa a inda mu a Nijeriya mu ke rubuta 'y, to, ƙa'idar Jamhuriyar Nijar aka bi.

Akwai kuma wata alama da kowannenku ya taɓa gani ko da bai kula ba. Zubi da yawa na kwamfuta ba su da haruffanmu, saboda haka in ka buga ɗ sai na'urar ta aro shi daga wani zubin ta cusa a tsakiyar kalma, ya fito ya fi 'yan'uwansa kauri ko siranta, ko ya ɗan ɗaga sama. Tafireta ba ta yin haka. Wanda ya buga Hausa da keken da ba shi da lanƙwasa, in mai kula ne, da alƙalami ya ke bi ya ƙara ta, kuma hannu ba ya maimaita lanƙwasa biyu daidai. To, in aka kawo wa alƙali takardar cinikin gona ko ta rabon gado mai kwanan watan 1975, aka ga faɗin i bai kai na m ba, aka kuma ga kowane ɗ da ƙ baƙo ne a layinsa, duka kuma kamarsu ɗaya, ya kamata ya sa a nemo masa asalin takardar, ba hotonta ba, ya kuma tambayi wanda ya kawo ta a wane ofishi aka buga ta, da wane inji.